Wai gorar da ta cika bola ita ce za ta tace mana ruwa?

Kwanakin baya ƙanwata da ke digiri na biyu a fannin kimiyyar sinadarai ta turo min wani ɗan bidiyo a WhatsApp, ko minti ɗaya bai cika ba. Hannunta kawai ake gani cikin safar roba, ta tsiyaya wani ruwa mai yauƙi a bakin wani faffaɗan gilashi, ta ɗauko ɗan ƙarfe mai kama da rula ta ja shi sau ɗaya shuuu, ruwan ya shimfiɗu siriri har ba ka iya ganinsa, sai ta ɗaga gilashin a hankali ta tsoma shi cikin baho mai ruwa. Kafin ƙiftawar ido abin da ba a gani ya fara yin fari, fari fat, can kuma sai ya ɓanɓaro da kansa daga jikin gilashin ya taso yana lilo kamar jiƙaƙƙiyar takarda. A ƙasa ta rubuta min, "Yaya ka gane wannan? Gorar ruwan da ka sha ka wurgar ce fa."

Nan take na kira ta na ce ke ban son wasa, me kike haɗawa haka? Ta ce tantanin tace ruwa ne. Gorunan roba suka tara, suka cire murafe da takardar jiki, suka wanke tas, suka yayyanka ƙanana kamar farce, suka narkar a cikin wani sinadari, shi ne wannan ruwan mai yauƙi. Da zarar an tsoma shi cikin baho sai sinadarin ya gudu ya shige ruwa, ita kuma robar ta daskare ta bar ƙananan ƙofofi birjik a duk inda sinadarin ya bi ya fita. Ta waɗannan ƙofofin ruwa zai wuce, datti ya maƙale. Wallahi abin ya burge ni, ranar duk wanda na haɗu da shi sai na nuna masa bidiyon kamar ni na ƙirƙiro.

Bayan kwana biyu da ɗokin ya lafa sai na zauna na yi lissafi, kuma lissafin nan ne ya jawo wannan rubutun. Abin da nake gani shi ne aikin yana da kyau, a ci gaba da shi, a zuba masa kuɗi ma, amma don Allah a daina tallata mana shi da sunan maganin sharar roba. In an yi shi da kyau zai taimaki ruwa. Bola kam ko gezau ba za ta yi ba.

Bari in ɗan yi bayanin shi tantanin, don da yawa in an ce filta tunaninsu ya tafi kan ƙyallen da ake ɗaurawa a bakin bokiti. Ana auna ƙofofin nan da maikiron, wato ka raba milimita ɗaya gida dubu ka ɗauki ɗaya. Kaurin gashin kai wajen maikiron 70 ne. Tantani mafi faɗin ƙofa yana kamawa daga maikiron 0.1 zuwa 10, shi ke tare laka da yawancin ƙwayoyin bakteriya. Na biye da shi 0.01 zuwa 0.1, wannan har ƙwayoyin bairos da yawa ba sa ratsa shi. Akwai wanda ya fi wannan matsewa da ke tare rini da wasu gishirai, sai babban yaya wanda ake kira RO, shi ba ma ƙofa ce da shi da za a nuna maka ba, da ƙarfin famfo ake danna ruwa ya ratsa jikin robar ya bar gishiri a baya, in ruwan teku ne matsin da ake ba shi ya ninka iskar tayar mota fiye da sau 20.

Dabarar tsoma gilashi a baho da ƙanwata ta yi ba sabuwa ba ce. Wasu mutum biyu, Sidney Loeb da Srinivasa Sourirajan, su suka fito da ita a jami'ar Kalifoniya da ke Los Angeles wajen 1960, kuma a 1965 wani ƙaramin gari mai suna Coalinga a can Kalifoniya ya fara shan ruwan da aka tace da irin tantaninsu. Abin dariyar, robar da suka yi amfani da ita, selulos asitet, ita ce dai wadda ake yin filtar sigari da ita, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce guntayen sigari kusan tiriliyan 4.5 ake yarwa duk shekara. Shi ya sa a cikin masu binciken nan akwai waɗanda guntun sigari suke tsinta su wanke su narkar. Wasu farin fom ɗin da ake cusawa a kwalin talabijin da firij suke narkarwa, wasu tsofaffin bututun PVC, amma wadda ta fi farin jini ita ce gorar ruwa da ta lemo, mai lamba 1 a gindi, PET. A 2019 masu bincike a jami'ar KAUST ta Saudiyya sun wallafa aikin da suka yi tantani daga irin waɗannan gorunan, kuma ya jure zafi da sinadarai masu ƙarfi. Akwai ma hanyar da ake jan narkakkiyar robar da wutar lantarki ta fito zare-zare, siriri fiye da yanar gizo-gizo, a tara shi ya zama kamar audugar tace iska. Ta fannin kimiyya dai babu ƙarya a ciki, ana yi kuma yana tacewa.

To ga lissafin da ya sanyaya min jiki.

A 1950 robar da duniya ta ƙera gaba ɗaya tan miliyan 2 ce. Ƙungiyar haɗin kan tattalin arziki ta OECD ta ce a 2019 an ƙera tan miliyan 460, sharar da ta fito tan miliyan 353, kuma kashi 9 cikin ɗari kacal aka sake sarrafawa. Wani shahararren bincike na 2017 ya ƙiyasta cewa tun da aka fara harkar zuwa 2015 an ƙera tan biliyan 8.3, an zubar da biliyan 6.3, kashi 79 na abin da aka zubar yana nan jibge a bola ko yana yawo a ƙasa da ruwa. Riƙe wannan a hannu ɗaya. A ɗaya hannun kuma, masana sun ƙiyasta cewa tsofaffin bututun tantanin RO da duk masana'antun tace ruwa na duniya ke jefarwa a shekara sun ɗan haura 840,000, nauyinsu wajen tan 14,000, kuma fa wannan har da kwanson waje da bututun tsakiya da ragar da ke ciki, shi tantanin kansa kaɗan ne a cikin nauyin don siriri ne. Yanzu ɗauki alƙalumin da Majalisar Ɗinkin Duniya ke yawan ambata, cewa ana sayen gorar roba miliyan ɗaya duk minti ɗaya a duniya. A ce kowace gora giram 20 ce, kenan tan 20 a minti, tan 1,200 a awa. Ka ga ko da ace gobe da safe an wayi gari duk bututun RO na duniya daga kai har ƙafa da tsohuwar gora ake yin su, gorunan da aka saya daga asuba zuwa magariba na rana ɗaya sun ishi aikin shekara guda. Sauran kwana 364 da rabi fa? Kuma gora kaɗai muke magana, ba a zo kan leda ba, ba a zo kan tufafin roba da tayoyi da ragar kamun kifi ba.

Wani zai ce ai RO ba shi kaɗai ne tantani ba. Gaskiya ne, akwai na asibiti, akwai na kamfanonin magani da na abin sha, akwai na tace iska. Ninka lissafin sau goma, sau ɗari ma in ka so, har yanzu ba ka kai kashi ɗaya cikin ɗari na sharar shekara ba. Kyawun tantani shi ne ba ya cin kaya, 'yan giram kaɗan su ba ka faɗin mita guda, kuma wannan kyawun nasa shi ne ya hana shi zama maganin bola. Abin da ba ya cin roba ta yaya zai cinye mana roba?

Sai kuma tambayar wace robar. Na tambayi ƙanwata daga ina suke samo gorunan, ta yi dariya ta ce, "Yaya ai mu muke shan ruwan mu ajiye gorar." Ka ji fa. Gora ce fara tas, iri ɗaya, ba ta taɓa kwana a rana ba, ba a taɓa zuba mata fetur ko maganin ƙwari ba. Irin wannan gorar kuwa dama ba ita ce matsala ba, ita ce 'yar gata a cikin shara, masu sake sarrafawa rububinta suke yi don a yi sabuwar gora ko zaren tufafi, Tarayyar Turai ma ta wajabta cewa daga 2025 gorar PET ta abin sha sai tana da aƙalla kashi 25 na tsohuwar roba a jikinta. Robar da ta gagari kowa ita ce siririyar leda, da jakar da aka liƙa roba kala biyu ko uku da fallen alminiyom a tsakani, da baƙar roba, da wadda maiƙo ya jiƙa ta. Ledar nan yawanci foliyetilin ce, ita kuma taurin kai gare ta, ba ta narkewa a sinadari sai an haɗa da zafi sosai. Saboda haka mai yin tantani da mai yin sabuwar gora abu ɗaya suke wawa, abin da ke toshe magudanan ruwa kuma yana nan inda yake babu mai kallonsa.

Yanzu mu zo inda ni na fi damuwa, wato ruwan bahon nan. A bidiyo ka ga farin tantani ya taso ka yi tafi, amma sinadarin da ya narkar da robar ina ya tafi? Yana cikin bahon. Kuma ba ɗan kaɗan ba ne, a irin wannan haɗin robar ba ta cika wuce kashi 15 zuwa 20 ba, ragowar duk sinadari ne, wato duk kilo ɗaya na roba da ka ceto daga bola ka ɓata kilo huɗu ko biyar na sinadari, sannan ka gurɓata ruwan da ya ninka haka sau da yawa wajen tsomawa da ɗauraya. An ƙiyasta cewa masana'antar yin tantani a duniya tana fitar da gurɓataccen ruwa sama da lita biliyan 50 a shekara. Sinadaran da aka saba amfani da su, irin su NMP da DMF, suna illa ga haihuwa da ɗan tayi, har Tarayyar Turai ta taƙaita amfani da na farko daga 2020, na biyun daga ƙarshen 2023. Ita kuma PET da ake ta yabo ba ta ma jin waɗannan sosai, sai an kawo mata wani asid mai suna TFA, sau da yawa a haɗa da wani mai ɗauke da kilorin. Shi TFA yana cikin dangin sinadaran nan da ake yi wa laƙabi da na har abada, don in sun shiga ruwa ba sa ruɓewa, kuma cire su sai an sha wuya. To don Allah in ka ɗauke gora ɗaya daga bola, wadda aƙalla ana ganinta da ido ana iya tsince ta, ka mayar da gurbinta da gubar da ba a gani a cikin kogi, wannan ba gyaran gangar Abzinawa ba ne?

Ba wai babu mafita ba. Shi farin fom yana narkewa a limonin, man da ake samu a ɓawon lemo, akwai kuma sababbin sinadarai irin Cyrene da ake yi daga itace da tarkacen shuka, kuma ana iya dafa ruwan bahon a ware sinadarin a sake amfani da shi sau da yawa. Sai dai warewar tana cin wuta, sinadaran masu sauƙin illa kuma ba kowace roba suke narkarwa ba. Abin da ke ba ni haushi shi ne yadda za ka ga kanun labari an rubuta "mai kare muhalli" da manyan baƙaƙe, in ka bi diddigi sai ka tarar dalilin kawai shi ne an fara da tsohuwar gora, abin da ya biyo baya kuma an yi gum. Ni a wurina duk wanda zai kira tantaninsa mai kare muhalli sai ya faɗa mana da me ya narkar, lita nawa, kuma ina ya kai ragowar.

Abu na gaba shi ne wanda zai shiga cikinmu. Roba ba abu ɗaya ba ce, haɗe-haɗe ce, akwai abin sa launi, abin sa laushi, abin hana kama wuta, abin hana rana cinye ta. Rahoton hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya na 2023 ya lissafa sinadarai sama da 13,000 masu alaƙa da roba, sama da 3,200 a cikinsu an san suna da wata illa. Ita PET yawanci da sinadarin antimoni ake haɗa ta tun a masana'anta, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyakar abin da ya kamata a samu na antimoni a ruwan sha, maikirogiram 20 a lita, shi maikirogiram kuwa ka raba giram ɗaya gida miliyan ka ɗauki ɗaya. A gora ruwa bangon ciki kawai yake taɓawa. A tantani kuwa ka farfasa robar ta zama soso mai miliyoyin ƙofofi, kowane ɗigo sai ya goga jikinta kafin ya wuce, dare da rana, wata da watanni. Tsohon PVC kuma nasa ya fi, don akwai wanda aka yi shi da dalma a zamanin da ba a hana ba. Sabuwar robar da kamfani ke saya don yin tantani an san abin da ke cikinta har zuwa giram, ta bola kuwa wa ya san tarihinta?

Ga kuma ɓurɓushi. A farkon 2024 masu bincike daga jami'ar Kolombiya ta Amurka suka wallafa cewa sun ƙirga ɓurɓushin roba kusan 240,000 a lita ɗaya ta ruwan gora, kashi 90 ƙanana ne ƙwarai da ba su kai maikiron ɗaya ba, kuma abin da ya ja hankalina shi ne wani kaso mai yawa nailan ne, wanda suke kyautata zaton daga filtocin da aka tace ruwan da su ya fito. Wannan fa filta ce ta sabuwar roba. Tsohuwar da rana ta gasa, wadda sarƙar jikinta ta riga ta gutsuttsure, ita za ta fi riƙe kanta? Sannan tantani ba a barinsa haka, yana toshewa, dole lokaci-lokaci a wanke shi da soda mai ƙarfi ko bilic, ita kuwa PET soda mai ƙarfi cin ta take yi a hankali. Ɗan hakin da ka raina kenan. Ni ba na cewa tantanin tsohuwar roba guba ne, cewa nake a gwada shi na tsawon watanni da ruwan gaske, a auna abin da yake zubarwa, kafin a ɗaura shi a famfon da yaro zai sha. Yawancin abin da ake nuna mana ɗan faifai ne da bai wuce tafin hannu ba, an gwada shi na 'yan awanni da ruwan da aka ɗiga wa shuɗin rini a lab.

Kuma ina tsoron wani abu, in faɗi gaskiya. Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF sun ce a 2022 mutum biliyan 2.2 ba su da ingantaccen ruwan sha, aƙalla biliyan 1.7 suna ɗiba daga inda bahaya ya gurɓata. Duk takardar binciken da ka buɗe da wannan alƙalumin take farawa, kuma haka ne, buƙatar tana nan. Amma kar a wayi gari masu hali suna shan ruwan da aka tace da tantanin da ya ci jarrabawa goma, talaka kuma a miƙa masa na gwaji a ce ai da babu gara ba daɗi. Eh, wanda amai da gudawa ke barazanar kashe masa ɗa a makon nan ba ta antimonin shekara ashirin yake ba, na yarda, kuma in filtar nan ce kaɗai tsakaninsa da kwalara to a ba shi. Sai dai ma'aunin da za a gwada ta da shi ya zama guda ne ga kowa.

A ƙarƙashin wurin wanke-wanke na kicin ɗina akwai 'yar filta, irin mai farin dunƙule a cikin kwanso. Ran da na sa ta fara ce sol, mara nauyi kamar ba komai. Da na kwance ta bayan 'yan watanni sai da na kau da kai, ta koma ruwan ƙasa, ta yi nauyi, jikinta santsi kamar gansakuka, in ka matsa wani jan ruwa ne ke tsattsafowa. Na tsaya riƙe da ita ina ɗiga a ƙasa ina tunanin ina zan kai ta, don roba ce, folifurofilin, mai lamba 5, amma babu mai sake sarrafawa da zai karɓe ta da wannan ƙazantar. Kwandon shara na jefa ta. To haka ƙarshen kowane tantani yake, na masana'anta shekara 5 zuwa 10 yake yi in an kula da shi, daga nan sai binnewa ko ƙonawa, kuma yanzu ya fi lokacin da yake gora muni don ya sha ƙarafa masu guba da rini da ƙwayoyin cuta. Gorar da aka mayar gora tana iya sake zagayowa. Wadda aka mayar tantani kuwa tafiyarta ta ƙarshe kenan, an dai ɗan jinkirta mata zuwa bola.

Shi ya sa aikin da ya fi kwanta min a rai a duk fannin nan ba ma na gora ba ne. A Sifen, cibiyar binciken ruwa ta IMDEA da abokan aikinta sun ɗauki tsofaffin bututun RO da aka gama da su, suka jiƙa su a ruwan bilic daidai gwargwado, bilic ɗin ya cinye siririyar fatar saman da ke tare gishiri ya bar ta ƙasa lafiya lau, sai ga shi bututun da za a binne ya koma filta mai faɗin ƙofa da za ta iya tace ruwan ban-ruwa ko ruwan da ya fito daga masana'anta. Babu narkarwa, babu TFA, kwanson ma shi ne dai. Amma da yake ba shi da hoto mai kyau irin na gora ta koma takarda, ba ka cika ganinsa yana yawo a intanet ba.

To ina ya dace a kai tantanin tsohuwar roba? Ni dai in da za a tambaye ni, a fara da ruwan da ba sha za a yi ba. Masana'antun rini da na jima da na tufafi suna sako ruwa mai launi cikin koguna don tantanin kirki ya yi musu tsada, wuraren wankin mota da garejoji suna sako ruwa mai baƙin mai, ga ƙurar masana'antar siminti da hayaƙi. A irin waɗannan wuraren ko tantanin ya ɗan zubar da wani abu, abin da ya tare ya fi shi nesa ba kusa ba, kuma in yana da araha mai masana'anta ba shi da sauran uzuri. Nan ne kwalliya za ta biya kuɗin sabulu. In ya yi shekaru a can an ga halinsa, an san yaushe yake yagewa, an san me yake saki, sai a fara maganar ruwan sha.

Abin da ba zan yarda da shi ba shi ne a mayar da aikin yaran nan na lab ya zama sabulun wanke manyan kamfanoni. Mun ga wannan wasan. Lambobin nan 1 zuwa 7 da ke gindin roba, ƙungiyar masu masana'antar roba ta Amurka ce ta fito da su a 1988, aka zagaye su da kibiyoyi uku masu bin juna, kowa ya ɗauka duk abin da ke da alamar ana sake sarrafa shi, alhali lamba ce kawai ta nau'in robar. Shekara da shekaru ƙasashe masu arziki suna loda shararsu a jirgin ruwa zuwa Chaina suna rubutawa a littafi cewa an sake sarrafawa, sai da Chaina ta rufe ƙofa a farkon 2018 asiri ya tonu, sharar ta karkata Malesiya da Tailan da Biyetnam da Turkiyya. A Maris 2022 ƙasashe 175 suka amince a Nairobi cewa za a yi yarjejeniyar duniya kan roba, aka zauna a Busan ta Koriya ta Kudu a ƙarshen 2024 aka tashi baram-baram, aka sake zama a Janiba a Agustan 2025 aka sake tashi haka, kuma babban abin da ya hana ruwa gudu shi ne batun rage yawan robar da ake ƙerawa, ƙasashe masu man fetur sun ce sam, a tsaya kan sarrafa shara kawai. OECD kuwa ta ce in aka ci gaba a haka amfani da roba zai kusan ninka uku nan da 2060. A irin wannan yanayin duk wani labari mai daɗi na gora ta zama filta, gora ta zama takalmi, gora ta zama bulo, kyauta ce ga mai son a ce ku ci gaba da saye, kimiyya za ta share bayanku.

Alhali abubuwan da ke rage sharar an san su, ba su da ƙyalƙyali ne kawai. Jamus da Nowe suna ɗora ɗan kuɗin ajiya a kan kowace gora, ka dawo da ita a mayar maka, kuma sama da kashi 90 na gorunan suna dawowa. Bangaladash ta hana siririyar leda tun 2002, Ruwanda 2008, Kenya 2017. Sannan ga 'yan jari bola, mutum wajen miliyan 20 a duniya, waɗanda aka ƙiyasta su ke tattaro kusan kashi 60 na duk robar da ake sake sarrafawa, da hannu, cikin fasassun kwalabe da allurai, mafi yawansu ko safar hannu babu. In har tantanin tsohuwar gora ya zama kasuwa, daga buhunsu gorar za ta fito, amma sau nawa ka ga an ambace su a labarin?

Jiya da daddare na sake kiran ƙanwata na zazzage mata duk wannan, ina tsammanin za ta ji haushi. Ta yi shiru ta gama saurare sannan ta ce, "Yaya ai ni ban taɓa ce maka zan kwashe bola ba, ku ne masu yaɗa bidiyo kuke faɗa." Na ce to ya batun tantanin? Ta ce na makon jiya ya tare rinin sosai amma da suka ƙara matsi ya tsage a awa na shida, yanzu tana gwada wani da ta shimfiɗa a kan ƙyalle don ya yi ƙwari, malaminta kuma ya ce ba zai sa hannu a komai ba sai ta jiƙa shi wata uku ta auna antimonin da ya fito. Na ce ruwan bahon fa? Ta ce jarka bakwai ne yanzu a ƙarƙashin tebur, kowace ta manna mata takarda da kwanan wata, suna jiran a gyara injin da zai ware sinadarin.